Yaran Nan Sun Bar Makaranta Tun Suna Zaune A Cikin Aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in sa baki a maganar yaran da ke barin makaranta. Ni ba malami ba ne, ban kuma taɓa zama a ofis ba. Kafinta ne ni a Kasuwar Katako a nan Jos, shekara arba'in da ɗoriya ina shaƙar ƙurar katako. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne, ranar da yaro ya ajiye jakar makaranta a unguwanninmu, ba ma'aikatar ilimi ake kai shi ba. Wurin irinmu ake kawo shi: kafinta, makanike, mai walda, tela, mai gyaran waya. Yanzu haka yara bakwai ne a hannuna, ɗaya ne kaɗai a cikinsu ya kai ga zana WAEC.

Duk sanda aka ɗauko zancen a rediyo, da lissafi ake farawa. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, a 2022 kuma UNESCO ta ce abin ya kai wajen miliyan 20. Sai a rufe da kalma ɗaya, talauci, kowa ya ce Allah Ya kyauta, a sako waƙa. Ban musa talauci ba, Malam Edita. Na san shi farin sani, shi ne ma ya fitar da ni daga aji. Sai dai ba nan kaɗai gizo ke saƙa ba.

Ina cikin 'yan UPE na farko, wato shirin gwamnati na firamare kyauta ga kowa, waɗanda aka kwasa aka zuba a firamare a 1976, zamanin da ake sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa kafin a rubuta sunansa. A 1984, ina aji biyu na sakandare, Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa ya bar ni da ƙanne biyar. Bayan sadakar arba'in kawuna ya kama hannuna ya danƙa ni ga wani kafinta. Da kuka na fita daga makarantar nan, don ina son ta. Kuma na fita da karatuna a baki. Ni nake karanta wa maigidana Gaskiya Ta Fi Kwabo bayan la'asar, ni nake rubuta masa rasit. To, yaran da ake kawo min yanzu ban ga mai kuka a cikinsu ba. Yawancinsu ajiyar zuciya suke yi kamar ɗan dakon da aka sauke wa buhu. Wannan bambancin ne ya sa na ɗauki biro.

Bari in ba ka labarin guda ɗaya. Hunturun bara waccan, da irin sanyin Jos ɗin nan da ke hana yatsa riƙe ƙusa, wata baiwar Allah ta yi sallama a shagona da sassafe, ɗanta yana biye da ita, kansa a sunkuye. Bayan mun gaisa ta ce, "Baba, ga shi nan na kawo maka. Ba shi da kan boko, gara ya koyi abin da zai ci abinci da shi." Na tambayi ajinsa, ta ce aji biyu na ƙaramar sakandare. Ka ga shekara takwas ke nan yana sa yunifom. Na buɗe littafin da nake rubuta odar mutane, na nuna masa layi ɗaya da na rubuta da Hausa, manyan baƙaƙe: gado 1, kujera 3, teburin karatu 1. Na ce, "Karanta min, yaro." Ya ƙura wa takardar ido har na ji kunya ta kama ni a madadinsa. Lambobin ya gane. Sauran kuwa, in ban da "gado" da ya lalubo da ƙyar, ko a jikinsa. Uwar ta ce, "Ka gani ko, Baba?" Na ce ta bar shi.

Wata uku da zuwansa, ina gwada yara kamar yadda na saba, na ɗauko katako tu-bai-tu mai tsawon ƙafa 12, na ce ƙafar kujera inci 18 ce, guda nawa za a fitar? Babban yarona, mai WAEC ɗin, ya danna waya ya ce takwas cif. Sai yaron nan, daga can inda yake goga sanfefa, ya ce, "Bakwai ne, Oga. Ai zarto zai ci nasa." Wallahi gaskiyarsa. Kowane yanka yana tafiya da ɗan abin da ya zama gari, ta takwas ɗin ba za ta cika ba. Yanzu a kan tef yana rarrabe kwata da rabi da uku bisa takwas ba tare da ya tsaya ba, abin da aka yi shekaru ana rubuta masa a allo yana kallo kamar rubutun Sinawa. Wannan ne yaron da aka ce ba shi da kai.

Sai da ya saki jiki da ni, wata rana muna cin ɗan wake da rana, ya ba ni labarin. Tun a aji uku na firamare jirgi ya tashi ya bar shi. Sun fi ɗari a ajin, shi a baya yake zama, a ƙasa. Malama tana yi da Turanci, shi kuma daga gida har layi Hausa ce. Ya koyi kwafar abin da ke allo kamar mai zanen hula, baƙi bayan baƙi, bai san me yake zanawa ba. Littafinsa tsaf, har makin "Good" ake ba shi. Ƙarshen shekara a ce kowa ya wuce. Da ya shiga sakandare wani malami ya tashe shi ya karanta sakin layi a gaban aji, har da 'yan mata. Ya tsaya shiru, aji ya fashe da dariya, aka laƙaba masa suna. Daga ranar ya fara fita da yunifom da safe, ya sa wata riga a jaka, ya sauya a bayan wani kango, ya wuni tsakanin gidan kallon ƙwallo da bakin rafin Dilimi, sai an tashi ya bi ayari ya koma gida. Zango biyu cur yana haka. Na ce, "Ba wanda ya zo nemanka daga makaranta?" Ya ce, "Oga, ai ba su san ba na nan ba."

Wannan maganar ta tsaya min a rai. Ni nan, idan yaro ya yi kwana biyu ban gan shi ba, rana ta uku sai na tura gidansu, don na san guduma ɗaya ta yi shiru a shagon. Ga yaro ya ɓace wata shida daga makarantar da sunansa ke cikin rajistarta, ba wanda ya taka ya ce lafiya. Ba na zagin malamai, Allah Ya sani. Mutum ɗaya da yara ɗari, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ina zai san wane ne ya zo, wane ne bai zo ba? Amma ranar da uwar nan ta kawo shi shagona ba ita ce ranar da ya bar makaranta ba. Ya bar ta tun shekara biyar kafin nan, gangar jikinsa ce kawai take zuwa.

Abin mamaki, yaron nan a Islamiyya ya haura izu ashirin, karatunsa ba gargada. Kai ɗaya ne, baki ɗaya. Bambancin shi ne a can malam yana sauraron kowane yaro da kunnensa. Ba a yi maka ƙari sai ka biya na jiya, a makarantar allo kuwa ba ka wanke allonka sai ka iya abin da ke kai. Kakanninmu sun san wannan. Boko ce kaɗai na ga ana ɗora wa mutum bene a kan ginin da ba a haƙa wa tushe ba, sannan in ya rushe a ce ƙasar ce ba ta da kyau.

Yanzu in dawo kan talaucin, don kada a ce na raina shi. Akwai abin da ni nake gani wanda mai lissafin ofis ba ya gani. Farkon kowane zango sai iyaye sun zo min da odar benci mai haɗe da tebur, a rubuta sunan yaro da jan fenti, ya ɗauka a ka zuwa makarantar gwamnati. Ina cin ribata, ban ɓoye ba. Amma makarantar da aka ce kyauta ce, ga uba yana sayen wurin zama. Bayan benci akwai kuɗin PTA, kuɗin jarrabawa, kuɗin baji, kuɗin katin sakamako, tsintsiya, rigar wasanni. Ɗai-ɗai ba su taka kara sun karya ba, amma ka tara su a kan mai 'ya'ya shida da ke tura baro a Farin Gada. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: a ja masa kunne da farko, in ya sake tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ita dokar ce kuma ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don wannan aiki, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabon kafin ta ɗauka, kuma shekara da shekaru muna jin kuɗin jihohi da yawa suna kwance a Abuja ba a je an ɗauka ba. Ni dai ban taɓa ganin uban da aka ci tara ba, ban kuma taɓa jin gwamnan da aka ja wa kunne ba.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Kuɗin Keke ya bi ta. Yaron da makarantarsa ke nesa ya koma tafiyar ƙafa da cikin da ba koko.

Ga inda maganganun biyu suke haɗuwa. Idan abin hannun uba ba zai ɗauki yara biyar ba sai biyu, ba ƙuri'a yake jefawa ba. Yana duba wanda yake karanta masa saƙon waya, wanda yake duba masa takardar asibiti, ya bar su a aji. Wanda ya shekara takwas bai iya rubuta sunan unguwarsu ba, shi ake fara cirewa, kuma shi ma ba ya gardama. Talauci in ya shigo gida zaɓe yake yi, wanda aji ya riga ya saki shi yake fara ɗauka.

A waje kuma ga masu kira. Kakana kuza ce ta kawo shi Jos daga ƙasar Kano zamanin Turawa, ya yi ta fata jikokinsa su riƙe alƙalami maimakon diga. Yau kuzar ta dawo tana kwasar tattaɓa-kunnensa. Wani yarona mai hannu sosai ya bar ni ya bi abokansa ramuka can wajen Bukuru da Barikin Ladi, bayan wata biyu ya shigo kasuwa da sabuwar waya da takalmi mai tsada, yana raba wa yara kuɗin shayi. A ranar na ga idon sauran ya sauya. Ba ya ba su labarin waɗanda rami ya rufta da su. Abin ya kai har gwamnatin jiha ta dakatar da haƙar ma'adinai a farkon 2025. Ga tuƙin Keke, ga gwangwan, ga rumfar POS, kowanne kuɗi ne a hannu kafin magariba. In an yi rashin sa'a kuma sai ƙwaya da sara-suka, wannan kam kowa a Jos ya san gidan da aka yi kuka.

Sannan akwai yayan da ya yi karatun. Kusan kowane layi akwai shi: ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya ci yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, yanzu yana zaune a majalisa, ƙaninsa mai gyaran waya ne ke sa masa data. Wasu kuma tun kafin a kai nan maganar takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin jiha, ta sare musu gwiwa. Yara suna da ido. In ka ce musu ilimi gishirin zaman duniya, sai su kalli yayan nan su yi murmushi, don ladabi ba zai bar su su ba ka amsa ba.

Maganar 'ya'ya mata kuwa, a nan ba zan nuna kowa da yatsa ba sai kaina. 'Yata ta fari ta fi duk 'ya'yana kai. Tana aji ɗaya na babbar sakandare rikicin Nuwamban 2008 ya ɓarke. Wanda ba ɗan Jos ba zai yi wuya ya gane yadda garin nan ya tsage tun daga Satumban 2001: unguwa ta koma ta waɗannan, waccan ta waɗancan, hanyar da ka bi tun kana yaro ta zama wadda sai ka yi shawara kafin ka taka. Makarantarta tana can ɗaya ɓangaren. Na ce ta zauna a gida har ƙura ta lafa. Muna shirin ta koma sai ga na Janairun 2010. Kafin in ankara shekara biyu ta wuce, sa'o'inta sun yi gaba, ga mai nema ya fito, yaron kirki. Na ce wa kaina aure ai sutura ne. Alhamdu lillahi tana zaune lafiya a ɗakinta da 'ya'ya huɗu. Amma aikin jinya take so, kuma duk sanda muka je asibiti tare na kan ga yadda take bin masu farin kaya da kallo. Ba ta taɓa ce min komai ba, da ma ta faɗa da ya fi min sauƙi. Wani abokin sana'ata Kirista, wanda muka yi koyo tare, ya ce min shi ma haka ya cire nasa biyu daga makarantar da ke ɓangarenmu. Tsoron iri ɗaya ne.

Wannan tsagewar ce ta haifar da makarantun kuɗi na lungu, gida mai ɗaki uku a kafa allo a ƙofa. Wasu suna ƙoƙari ƙwarai. Wasu kuwa ba sa kayar da yaro ko da bai iya komai ba, don in ya faɗi uban zai ɗauke shi, in kuma kuɗin zango ya makara a koro shi gida da rana tsaka. Na ji shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Filato ke cikin jihohin farko da suka shiga, yana gyara azuzuwa da banɗakuna don 'yan mata. Madalla, don matata ta sha gaya min budurwa ba za ta wuni inda babu wurin kewayawa ba, kuma kwana huɗu ko biyar na kowane wata in sun taru zango ne guda. Sai dai sabon banɗaki ba zai koya wa yarinya haɗa baƙi ba.

Mu ma iyayen gida a kasuwa, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Yaron koyo hannu ne na kyauta. Shi ke ɗauko katako, shi ke shara, shi ke goga, kuɗin abincin rana kawai muke ba shi. Shi ya sa ba ka taɓa jin maigida ya ce wa uwa, "Mayar da shi aji, ya yi ƙanƙanta." Ni ma na yi shekaru ban faɗa ba. Kuma mun san abin da ke jiransu a gaba. Sana'ar ta sauya. Yau mai aiki hoton kicin yake turo maka ta WhatsApp da awo a rubuce, kamfani kuma ba ya ba ka kwangila sai ka rubuta masa farashi a takarda ka sa hannu. Na yaye yara masu hannun zinariya da har gobe suke aiki a ƙarƙashin wanda bai kai su ba, saboda shi ya iya karanta takardar yarjejeniya.

Tun daga kan yaron nan mai zarto na sauya tsari. Wanda bai gama aji uku na ƙaramar sakandare ba, sharaɗina shi ne makaranta da safe, shago bayan azahar, kuma ni da kaina nake duba littafinsa, ba don in ga tsabtar rubutu ba, sai in sa yatsa a layi in ce karanta. Iyaye biyu sun ji sharaɗin sun ɗauke nasu sun kai shagon gaba, aka karɓe su hannu bibbiyu. Waɗanda kuma suka riga suka girme wa aji, mu huɗu a layinmu muka haɗa kuɗi muka ɗauki wani matashi mai NCE da ke zaman jiran aiki. Litinin, Laraba da Asabar bayan la'asar, sai a kife wani falanki a jikin bango ya zama allo, yara goma sha uku su zauna a kan bencinan da ba a zo karɓa ba. Da Hausa ya fara musu, ba-bi-bu, da kalmomin da ke gabansu: ƙusa, gam, fenti, maɗaci. Ranar farko ƙattin nan sai ɓoye fuska suke yi kada 'yan layin gwanjo su gan su.

Roƙona ga masu iko ba babba ba ne. A sami wanda zai zauna da kowane yaro a ƙarshen aji uku na firamare, ya miƙa masa layi biyar da harshen da yake ji, ya saurare shi da kunne. Wanda ya kasa a tsaya a kansa a lokacin, kada a tura shi gaba. Kuma yaron da aka yi mako ba a gani ba, a taka zuwa gidansu, ko a gaya wa mai unguwa ko limami ko fasto. Masu koyon sana'a da suka riga suka fita kuma a buɗe musu ajin yamma a cikin kasuwanni, ginin makarantun gwamnati ai a kulle suke kwana tun daga ƙarfe biyu.

Kai kuma, Malam Edita, in da hali ka turo wakilinku Katako, ko Dilimi, ko 'Yan Taya. Kada ya zo da tambayar me ya sa ka bar makaranta, don kowane yaro zai ce masa babu kuɗi, ita ce amsar da ba ta da kunya. Ya zo da shafi ɗaya na jaridar nan, ya ja yaro gefe inda abokansa ba sa gani, ya tambaye shi aji nawa ya kai, sannan ya miƙa masa. In ya biyo ta layinmu ya tambayi shagon da ake karatu da yamma, kowa zai nuna masa. Yaron nan ne zai rubuta masa rasit idan ya sayi wani abu. Har yanzu yana rubuta "kujera" da "g", amma mun bar shi, malaminsu ya ce wata mai zuwa za su kai wurin.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani kafinta,
Kasuwar Katako, Jos.